Ɗigo Ɗaya a Sama

Ƙarti huɗu ne suka sauko da zanen daga mota, amma Lalla Fauziyya ta fi su nishi. Tana biye da su har cikin gidan wasan kwaikwayon, tana nuna musu inda za su taka, sai ka ce ita aka haifa a birnin Fas na Maroko ba su ba.

Shekara talatin da tara zanen nan yana bangon ɗakinta. Attajiran Kasabalanka sun yi zarya har sun gaji, ta ce ba na sayarwa ba ne. Wanda bai sani ba, shuɗi kawai zai gani an yaɓa a kan ruwan ƙasa, kamar an goge hannu. Amma in ka ja baya taku biyar sai harafin Larabci ya fito: kai a dunƙule, wutsiya ta ɓace cikin shuɗin, ga ɗigo ɗaya a sama. Fa ke nan, farkon sunanta.

Babu zanen marigayi mijinta, Si Mahjub, da bai ɓoye harafin nan a ciki ba. Ranar da ta fara ganowa, tana amarya, sabuwar zuwa daga Iskandariya ta Masar, ta ce, "Fa ɗina ce wannan?" Ya daɗe yana wanke burushi kafin ya ce, "Ke kika karanta." Mutum ne marar magana, wasiƙa ma da Faransanci yake rubutawa. Ita dai wannan amsar ta ishe ta. Da ita ta jure fushin mahaifinta, da shekarun da ko zane ɗaya ba a saya ba, da shirun mijin da kan wuni bai dube ta ba. Bai taɓa cewa yana son ta ba, amma ai ya rubuta.

Ƙamar ce ta rubuta wasan, a kan rayuwar Mahjub. Maƙwabciya ce kuma aminiya, ita ta koya wa Fauziyya harshen gari da turara kuskus, ita ta zauna da ita har ta fita takaba. Ba ta taɓa aure ba, in an tsokane ta sai ta ce alƙalami ya riga kowa. Ita ta nace sai an kawo zanen na ainihi, wai na kwaikwayo ba ya numfashi. Fauziyya ta yarda, da sharaɗi guda: gobe in an gama wasa, za ta hau dandamali ta gaya wa Fas ma'anar harafin.

"Ki bar zanen ya yi shirunsa, 'yar'uwa," in ji Ƙamar.

"Shiru ya isa haka. Shi bai faɗa ba, ni zan faɗa."

Da la'asar aka yi gwajin ƙarshe. Fauziyya ta zauna a layin gaba da kofin shayin na'ana'a. Ɗan wasan da ya fito a Mahjub ya iya tsayuwarsa, har da yadda yake sosa bayan kunne da gindin burushi in yana jin kunya. Ta yi mamaki, don ita ba ta tuna ta gaya wa kowa wannan ba. Wani ya fito a ɗan jarida yana ta hayagaga, wai wannan ɓarnar fenti ce, jaki ma in an ɗaura masa burushi a wutsiya zai yi. Mai zanen ya bar shi ya gaji, sannan ya ce, "Zane ba ya ƙarya. Mai kallo ne ke zuwa da abin da yake so ya gani." Ya tsoma burushi, ya miƙa hannu kamar zai ɗora ɗigon, aka ja labule.

Fauziyya ta yi kuka mai daɗi. Ta waiga ta rungumi Ƙamar, sai ta tarar ita ta fi ta kuka. Allah sarki, in ji ta a ranta, aminci ke nan.

A zauren shiga ta iske Ba Idris, tsohon da ke rubuta allon sanarwa da hannu, irin rubutun da na mutanen Fas, kamar yadda gidan ya saba. Ta tsaya neman sunanta a layin godiya. Ta same shi, sai ta ɓata rai.

"Ba Idris, ido ya fara tafiya ne? Ka sa mini ɗigona a ƙasa."

Tsohon ya yi dariya har tabaransa ya zame. "Lalla Bamisriya, shekara arba'in kina cin burodinmu, jarida kawai kike karantawa? Wancan rubutun injin ne, irin na gabas. Mu a allo Fa ɗigonta a ƙasa yake. Tabarma ɗaya muka zauna da Mahjub, bulala ɗaya muka sha a kan wannan ɗigon. Ko a mafarki ba zai sa wa Fa ɗigo a sama ba."

"To mai ɗigo ɗaya a sama fa?" Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa.

"Ƙaf mana. Ku kuke ba ta biyu, mu ɗaya ya ishe ta. Ga ta nan ma, yanzu na gama."

Ya ɗaga alƙalami ya nuna saman allon, inda aka rubuta sunan marubuciyar wasan da manyan baƙaƙe, tawadar ko bushewa ba ta yi ba. Fauziyya ta ja baya taku biyar, kamar yadda ta saba, ta ga harafin da ta kwana a ƙarƙashinsa shekara talatin da tara, kai a dunƙule, ɗigo ɗaya a sama, yana zaune a farkon sunan Ƙamar.