Lahadin da Aka Ɗauke Medo

Ƙararrawar keke aka ji, sau uku a jere, sai kuma ihun Zorka ya biyo baya: "Ɓarawo! Ya ɗauke min Medo!"

Su tara ne, 'yan ƙungiyar masu karnuka, suka fito yawon Lahadi a bakin kogin Dunav kamar yadda suka saba, wasu a kekuna masu batir da karnukansu cikin kwando, wasu a tsaye kan sikuta, kare a tsakanin ƙafafu. Ba wanda ya ga yadda abin ya faru. Waiwayowa kawai suka yi suka hangi wani dattijo mai furfura ya juya kekensa ya ba shi wuta, ga Medo, karen Zorka, zaune daram cikin kwandon gaba, kunnuwansa na kaɗawa a iska.

Zorka ta bi shi a sikutarta. Wata huɗu da suka wuce ba mai gayyatarta ko'ina a birnin Novi Sad. Miji ya rasu, ɗa yana Jamus, ita kuma wannan ƙungiya doka ɗaya gare ta: in ba ka da kare, ba ka cikinmu. Ta daɗe tana kallonsu daga benci suna wucewa da dariyarsu zuwa gidan romon kifi da ke bayan gada. Tun da Medo ya shigo hannunta ta zama Inna Zorka, har kujera ake ajiye mata. Hanta take dafa masa, ta saƙa masa riga, ba ta ma yarda likitan dabbobi ya taɓa shi, wai na'urorinsu tsoro suke ba shi. Shi kuwa butulun har yau bai saba da sikuta ba, kuma sai ta kira sunansa ta gaji kafin ya ga damar ɗago kai. Duk da haka son sa take yi, son da ke hana ta barci.

Radmilo ne, ɗaya daga cikinsu, ya wuce ta kamar iska. Tsohon mahauci ne, ƙato, ya daɗe da cire wa kekensa abin da ke taƙaita gudu, ya kuma daɗe yana neman ranar da abin zai yi amfani. Dab da gada ya cim ma dattijon, ya kai wa tayar baya hauri. Keken ya kife. Dattijon ya rungume karen a ƙirji, shi ya sa bai sami hannun kare fuskarsa ba. Da ita ya daki dutsen da aka shimfiɗa a hanyar.

Kafin ya yunƙura an yi masa zobe. Mutanen da ke sumbatar karnukansu a baki, waɗanda ba su iya taka kiyashi, su ne suka rufe shi da duka. Radmilo ya kwance sarƙar ɗaure keke ya lafta masa a haƙarƙari, aka ji wani abu ya ce ƙas. Wata malamar makaranta mai ritaya ta riƙa dukansa da ledar abincin kare tana haki. Dattijon bai rama ba. Bakinsa cike da jini, idonsa na kan karen, kalma ɗaya yake ta maimaitawa, kamar "Garo, Garo."

"Me kake cewa, kakan ɓarayi?" in ji Radmilo. "Tofar da haƙoran tukuna, sai mu ji ka da kyau."

A lokacin Zorka ta iso. Dattijon ya ɗago kai ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ɗaga dunƙulallen hannunsa na dama ya buɗe baki zai yi magana. Ta cire hular kwanonta ta maka masa a baki, ta ƙara, ta kuma ƙarawa, tana kuka tana cewa kada kowa ya saurare shi. Sai da Radmilo da kansa ya riƙe ta, yana cewa, "Ya isa, maƙwabciya, kada ki ja mana gawa."

Medo, wanda bai taɓa yi wa kowa haushi ba, ya dasa wa Radmilo haƙori a sha-raɓa, sannan ya koma ya kwanta a ƙirjin dattijon yana lasar jinin da ke gemunsa. Da Zorka ta miƙa hannu ta ɗauke shi, ya yi mata gurnani. Kowa ya ce firgita ce ta ruɗa shi, abin tausayi.

Jiniya ta fara tahowa daga nesa. Dattijon ya daina motsi, sai numfashi sama-sama, amma hannun nan yana nan a dunƙule. Radmilo ya taka wuyan hannun ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Guntuwar igiyar kare ce a ciki, ta jar fata, ta sha riƙo har ta yi laushi, an datse ta tsaf daga tsakiya.

"Kun gani ko?" Ya ɗaga ta sama. "Da wannan yake jan karnukan mutane."

Aka yi ta Allah wadai. Malamar ta rungume Zorka tana lallashinta, tana cewa ta kwantar da hankali, Medo ya dawo, ba mai sake raba su. Idon Zorka na kan jar igiyar, ta kuma san ta sarai.

Ɗaya rabin yana gidanta cikin durowar kicin, tare da almakashin da ta yanke ta da shi a ƙofar kantin magani, ranar da ta ɗauke karen daga inda mai shi ya ɗaure shi.