Ɗalibar Malam Abdulmuttalib

Malam Gwadabe ya lashi yatsa ya sake buɗe wani shafin fasfon. Ga hatimin Dubai, ga na Maroko, ga na Pakistan, ga na wasu ƙasashen Musulmi da harshe ke sarƙewa kafin a faɗi sunansu. Mai fasfon, Abdulmuttalib, yana zaune a gabansa kamar an dasa shi. Mutumin Ajingi ne, ɗan gidan mafarauta, shekararsa goma sha ɗaya a waje, kuma da alama a can ya baro magana.

Shi kuwa Malam Gwadabe, shugaban wata 'yar makarantar al'umma a Balan, abin duniya ya ishe shi. Wata sabuwar makaranta a Gaya ta ɗauko malami daga Sudan, iyaye suka shiga kwashe 'ya'yansu a Adaidaita Sahu. Kwamiti ya ba shi zango ɗaya: ko yara su dawo, ko a ba wani kujerarsa. Shekara ashirin yana kan kujerar nan, kuma tsoron rabuwa da ita yake ji ƙwarai.

Ya ji labarin cewa Abdulmuttalib horarwa yake yi a gidan wani attajirin Balarabe, don haka ya tambaye shi ɗalibai nawa ya yaye. Ya ce guda ɗaya ce, sunanta Khaula.

"Me kake koya mata?"

"Natsuwa, da zuwa in an kira ta."

"Tarbiyya ke nan," in ji Malam Gwadabe, har da dukan tebur.

Da ƙyar ya tatso sauran. Duk yawon nan gasa ake kai ta, kuma sau bakwai tana zuwa ta ɗaya. Fasfonta daban, kujerarta a jirgi daban, ba ta taɓa shiga taron jama'a kai a buɗe ba. Abdulmuttalib ya gyara zama ya ce, "Amma Malam, ita Khaula ai..." Malam Gwadabe ya ɗaga masa hannu. Shi mutum ne da bai taɓa sauraron ƙarshen zancen kowa ba; ko huɗubar Juma'a a ransa yake ƙarasa wa liman. Ya ce ya zo ranar Litinin, ya yi wa yaran Balan sak abin da ya yi wa Khaula.

Ranar Litinin sabon malami ya zo da sikelin awon gyaɗa, ya auna yara ɗaya bayan ɗaya. Ya hana karin kumallo sai an tashi darasi. Sannan ya tafi can ƙarshen filin ƙwallo, ya ɗaga kilishi a hannun hagu, ya yi fito. Wanda ya fara isowa shi ke da nama. Mai surutu kuwa, a ja masa hularsa ta rufe ido har ya yi tsit. Alli dai ko taɓa shi bai yi ba. Malam Gwadabe ya leƙo ta taga, ya gyaɗa kai, ya ce lallai Larabawa sun yi mana nisa.

Cikin sati uku aka daina makara. Yaran da aka kai Gaya suka fara kuka sai an mayar da su inda ake rabon kilishi. Hanne, shugabar iyaye mata, ta kawo ƙara cewa 'yarta Fiddausi ta daina amsa kira a gida sai an yi mata fito. Malam Gwadabe ya ce ta yi haƙuri, haka ci gaba yake farawa.

Alhaji Badaru, shugaban kwamiti, shi ne bai gamsu ba. Ya ce gudu ya gani, karatu bai gani ba, kuma ba zai sa hannu Gwadabe ya zarce ba sai ya ga abin da wannan tsari ya taɓa haifarwa.

Ana haka sai ga waya daga waje. Attajirin zai bi ta Kano a hanyarsa ta zuwa farauta Nijar, kuma da Khaula zai zo, don tun tafiyar malaminta ba ta cin abincin kirki. Malam Gwadabe ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka. Ya roƙi Abdulmuttalib ya kawo baƙin nan Balan ko da na awa ɗaya ne, ya sa shi a motar Kano. Bayan tafiyarsa ya ɗauki hayar lasifika, aka zaga Gaya da kasuwar Ajingi ana shela cewa ɗalibar da ta zaga duniyar Musulmi za ta yi wa 'yan mata jawabi da Larabci.

Ranar Asabar fili ya cika har kan katanga. An kafa rumfa, an soya kaji, 'yan mata sun haddace waƙar maraba. Kusa da Alhaji Badaru aka ajiye kujera mai laushi ga babbar baƙuwa.

Wajen azahar baƙar jif ta tsaya. Abdulmuttalib ya fito, ya ga taro, ya ga ƙyallen da aka rubuta sanarwar jawabin Khaula a kai, ya nufo Malam Gwadabe da sauri yana cewa, "Malam, ka tsaya ka ji..." Malam Gwadabe ya ɗaga masa hannu, ya ce ya fito da ita kawai, jama'a sun gaji da jira.

Abdulmuttalib ya yi ajiyar zuciya. Ya zura doguwar safar fata a hannun hagu, ya buɗe ƙofar baya, ya sunkuya ciki. Malam Gwadabe ya dubi Alhaji Badaru ya yi murmushi, ya ce, "Jama'a, ga abin da 'ya'yanku za su zama." Sannan ya juya, ya miƙa makirufo bakin wata ƙatuwar macen shaho mai 'yar hular fata a ka.