Ƙofar Ɗakin Nelson

"Juya hagu," in ji Baba Tagwai.

'Yarsa Juliana ta matsa linzamin kwamfuta, sai ga shi a allon, tsakar gidansu na ƙetaren kogi, wanda aka ƙone a rikicin bara kafin su dawo Mahuta. Da manhajar ofishinsu ta gina shi. Kowane abu sai ta ƙera shi daban, randa ce ko kujera, ta koya masa abin da zai yi idan an taɓa shi.

Baba ya karɓi linzamin, yana leƙa ɗakuna har da dariya. Da ya iso ɗakin ɗansa Nelson, sai ya tsaya a bakin ƙofar.

"Kin yi kuskure. Ƙofar nan tana da sakata ta waje."

"Na sani, Baba. Da gangan ban sa ba."

Ran rikicin, Baba ne ya kulle Nelson ciki da hannunsa, don kada ya bi samari titi a kashe shi. Yana ciki aka ƙone gidan.

Ya danna, ƙofar ta buɗe ba gardama.

"Fito mana," ya ce. "Ai na buɗe."