Tayar da Ta Cinye Ta Ciki

Tela ne, kuma mutum shida ke ci daga ƙafarsa ta dama da yake taka keken ɗinki da ita. Da Allah ya hore masa mota, sai ya ga ta yi masa tsayi. So yake ta kwanta ƙasa kamar ta samarin layinsu. Ya kai ta gareji, aka yanke sifirin na ƙafafu huɗu, mota ta durƙusa.

Bakaniken ya goge hannu ya ce, "Maigida, saura saiti. Tunda an sauke ta, tayoyin sun karkace. Ka kai a daidaita ƙafafun yau, in ba haka ba za su riƙa cinyewa ta ciki."

"Ɗinki ya yi mini yawa a shago. Sai gobe."

Goben nan ta yi wata huɗu ba ta iso ba.

Ba wai sakarai ba ne. Kowace safiya yakan zagaya motar, ya danna tayoyin, ya ga zanensu raɗau, ya ji daɗi. Abin da ke ba ni tausayi shi ne, mutumin da ba ya miƙa riga sai ya juya ta ya duba ɗinkin ciki, bai taɓa durƙusawa ya leƙa bayan tayarsa ba.

Matarsa ta taɓa cewa, "Baban yara, motar nan tana ja gefe, ko idona ne?"

"Titin ne, ke dai kin fiye tsoro."

Wata Talata da hantsi ya hau babban titi zai sayo yadi. Tayar gaba ta fashe, sitiyari ya ƙwace, motar ta daki ƙarfen gada. Ya rayu, amma likitoci sun yanke ƙafar dama daga ƙasan gwiwa.

Yayansa ya je ya ga motar, ya dawo asibiti ya ce masa, "Na ga tayar. Ta waje sabuwa fil. Ta ciki kuwa babu roba, waya ce tsirara."

Tela ya daɗe yana kallon bargon da ya lotsa a inda ƙafarsa take a da.

"Yaya, wallahi kullum ina dubawa."

Mai karatu, in ka sauke motarka, ka yi mata saitin ƙafafu a ranar, kada ka ɗaga. Kuma in za ka duba taya, durƙusa ka shafa gefen ciki da hannunka, domin ta nan take fara cinyewa.