Fiffiken Hagu

Ana buɗe kejin, sabon namijin dinya ya faɗa tafkin ƙauyenmu, jama'a suka hau tafi kamar ana biki. Ni kuwa na matse burodin da ke hannuna har ya zama gari.

Shekara biyu farar dinyarmu mai dogon wuya tana zagaya ruwan nan ita kaɗai, tun da dila ya kashe mijinta a watan da muka binne Baba. Wa ya ce tana neman wani?

Mama tana gefena cikin sabuwar jar kwat, mai kula da tafkin yana ta satar kallonta. Ranar Lahadi zai zo gidanmu cin abinci, karo na uku.

Na ɗaga murya yadda zai ji. "Ita dai ta san amana. Ko ƙanƙara ta rufe ruwan, ba ta barin inda mijinta ya mutu. Ba kamar wasu ba."

Mama ba ta kalle ni ba. "Sarkin karatu, dubi fiffikenta na hagu."

"Me zan gani?"

"Tun tana 'yar tsako aka datse shi don kada ta bar ƙauyen. Kowa ya sani, amma kowa sai yabon haƙurinta yake."

Dinyar ta miƙe a kan ruwa, ta buɗe wa baƙon fikafikanta, ɗaya dogo, ɗaya guntu. Mama ta buɗe tafina, ta kwashe garin burodin, ta watsa musu su biyun.