Muciya a Hannun Mannir

Da la'asar, ruwan sama bai jima da ɗaukewa ba, Mannir ya ajiye adaidaita sahunsa a ƙofar gidansu a Gumel, ya shiga riƙe da baƙar leda. Shinkafa da miya ce ya sayo a tasha don mahaifinsa, Malam Ɗantsoho.

Tun da matarsa Bilkis ta haihu ta tafi wankan gida garinsu Ɗanzomo, ba a sake hura wuta a gidan ba. Mahaifiyarsa ta daɗe da rasuwa, daga shi sai tsohon. Ranar da za ta tafi sai da Bilkis ta ja masa kunne. Ta ce, "Ka san Baba na da hawan jini, likita ya hana shi gishiri da magi. Ni miyarsa daban nake yi masa."

Ya ce, "Ki tafi hankali kwance. Abinci ai ko'ina akwai shi."

Shi a ganinsa girki baiwa ce ta mata, namiji ko ya gwada ɓarna zai yi. Kuma me zai kai shi shan hayaƙi ga dafaffe a tasha? Bai tsaya ya yi tunani ba cewa mai abincin tasha don direbobi da 'yan dako take dafawa, masu son miya ta ji gishiri. Ba ta san da wani tsoho mai ciwo ba.

Malam Ɗantsoho kuwa ba ya ƙorafi. Mannir ɗan fari ne, ko sunansa ba ya kamawa don kunya, balle ya ce masa abincin ya yi gishiri. Ƙafafunsa suka kumbura, ya riƙa rufe su da babbar riga. Kansa na sara, ya ce zazzaɓin damina ne.

Yammacin nan Mannir ya yi sallama, shiru. Ya leƙa ɗaki ya tarar da tsohon a ƙasa kusa da buta, baki ya karkace, hannun hagu ba ya motsi.

A asibiti Allah ya sa da sauran kwana. Da hankali ya ɗan kwanta, malamar asibiti ta tambaye shi me tsohon ke ci. Da ya faɗa mata, sai ta ce, "Magani kaɗai ba zai riƙe shi ba. In ya koma kan wannan abincin, faɗuwa ta biyu ba lallai ya tashi ba."

Bilkis tana cikin jego, ba damar a dawo da ita. Ranar da aka sallame su, Mannir ya shiga gidan maƙwabciyarsu, wata dattijuwa da ake kira Goggo, ya durƙusa ya roƙe ta ta riƙa dafa wa Baba.

Goggo ta ce, "Yau dai zan yi. To jibi in na tafi biki Gagarawa, Malam azumi zai yi? Tashi mu je, ka ɗauko muciya."

"Goggo, ni fa ban iya ba."

"Ni da iyawa aka haife ni? Tuwona na fari kaji ma sun ƙi shi."

Ta zauna a kan turmi tana faɗa yana yi. Ta nuna masa yadda ake talge, da yadda ake zuba gari kaɗan-kaɗan ana tuƙawa. Ta ce daddawa da citta da tafarnuwa sun isa su ba miyar kuka ɗanɗano. Itacen ya jiƙe, hayaƙi ya cika masa ido. Tuwon ya fito duk gudaji, miyar kuwa tsululu.

Ana cikin haka abokinsa Ilu, shi ma ɗan adaidaita, ya leƙo dubiya. Ya ga Mannir tsugune gaban murhu, ya kwashe da dariya. "Amarya, sannu da aiki! Saura zani, ni zan saya miki."

Kunya ta kama Mannir, amma bai saki muciyar ba. Ya ce, "Ka zaɓo mai kyau. Ka haɗo da busasshen itace, namu ya sha ruwa."

Haka ya riƙa yi kullum. Ya ƙona tukunya, ya ƙona yatsa, rannan ma ya zubar ya sake ɗorawa. Sannu a hankali gudajin ya ragu, miyar ta fara kama jikinta.

Wata rana ya kai wa tsohon tuwo, ya zauna gefe. Malam Ɗantsoho ya ci da hannunsa mai lafiya har ya suɗe kwano. Da harshensa mai nauyi ya ce, "Wa ya yi?"

"Ni ne, Baba."

Tsohon ya kau da kai. Can sai ya turo kwanon ya ce, "Ƙaro."

Da suka koma asibiti aka auna, jinin ya sauka, kumburin ya saɓe. Hannun hagun dai har yau bai dawo daidai ba, kuma duk sanda Mannir ya dube shi sai ya tuna baƙar ledar nan. Amma tsohon na takawa zuwa masallaci da sandarsa, yana jiran ranar da zai ɗauki jikansa.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, Mannir ya ji ƙarar adaidaita a ƙofar gida. Kafin ya fito, Ilu ya sha kwana. A cikin zaure ga damin busasshen itace, an jingine shi inda ruwa ba ya taɓawa. Babu zani.

'Yan uwa, girki ba baiwa ba ce, koyo ne, kuma ba abin kunya ba ne ga namiji. Mai sayarwa don kowa take dafawa; wanda ya san ciwon naka, shi ne zai dafa masa abin da zai raya shi.