Buhunan Yashin da Suka Kwashe

Tun da aka kafa dokar hana tsorata jama'a, ba mai ikon tare ruwa sai gwamnati ta tabbatar yanayi ya canja. Ni Tabawa na jera buhunan yashi a ƙofar gidana, 'yan doka suka kwashe. Ambaliya ta tafi da ɗakina da awakina.

Na hau kwalekwale har ofishinsu, na ce wa jami'in da na tarar, "Kai yaro, wa zai mayar mini da ɗakina?"

Ya ce, "Haƙuri Iya, ana bincike tukuna."

"Binciken me? Dubi zanina sharkaf!"

Wajen fita na yi tuntuɓe da buhunan da suka tare ƙofarsu. Innalillahi! Nawa ne, har da wanda na yi wa faci da ɗankwalina.